Wankin ciki kafin a leƙa babban hanji da kyamara: wane magani ya dace da wa?

Duk wanda aka taɓa yi wa kolonoskofi, wato aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta dubura aka duba babban hanjinsa, in ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya, da kyar ya ce aikin kansa. Aikin bai cika wuce minti 30 zuwa 45 ba, kuma galibi an yi wa mutum allurar da za ta sa shi gyangyaɗi. Daren jajibiri ne ba ya mantuwa: jarkar magani a gefe, buta a hannu. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan magungunan wannan dare. Takardar da asibitinka ya ba ka ita ce gaba da duk abin da ke nan, domin su suka san ƙodarka da zuciyarka.

Dole ne sai an wanke cikin? Azumin yini guda ba zai wadatar ba?

Ba zai wadatar ba. Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, cike yake da lunguna da ninki, kuma ko ka kwana biyu ba ka ci komai ba akwai tsohon bayan gida manne da bangonsa. Abin da likita ke nema sau da yawa ƙaramin tsiro ne da bai fi ƙwayar dawa ba, wani ma shimfiɗe yake a jikin hanjin, bai taso ba. Irin wannan tsiron ne kan rikiɗe ya zama ciwon daji bayan shekaru, kuma in an gan shi da wuri, nan take ake cire shi da na'urar. Ɗan guntun kashi ya isa ya rufe shi.

Likitoci har maki suke ba wa tsabtar hanji. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira ma'aunin Boston, ya raba hanjin gida uku, kowane gida yana samun maki daga 0 zuwa 3. In wani gida ya gaza samun 2, aikin bai gamsar ba, kuma ana iya ce maka ka dawo a sake. Ka sake biyan kuɗi, ka sake shan maganin da ka gudu.

Magungunan iri nawa ne?

Sunayen da ke kan kwalaye suna da yawa, amma gida biyu ne manya. Akwai masu wanke hanji da yawan ruwan da ka sha, kamar yadda ake kwarara ruwa a magudana; waɗannan su ne dangin PEG, wato polyethylene glycol, wani sinadari da ake damawa a ruwa a sha. Akwai kuma gishirai masu ƙarfi, su magniziyam da salfet da fosfet, waɗanda ke janyo ruwa daga jikinka zuwa cikin hanji. Na farkon sun fi wuyar sha, na biyun sun fi taɓa ƙoda da gishirin jini. Sai 'yan rakiya, irin su bisakodil da aka fi sani da Dulcolax da kuma ganyen sanna, masu tsikarar hanji ya motsa. Su kaɗai ba sa isa.

An rubuta mini lita huɗu. Ba tsohon yayi ba ne wannan?

Tsoho ne, amma bai tsufa da aiki ba. A 1980 wasu likitoci a birnin Dalas na Amurka suka fito da shi, aka sa masa suna GoLYTELY. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da Nijar, za ka fi jin Fortrans, kuma a kwalin za ka ga an rubuta macrogol, wanda shi ne dai PEG ɗin. Ƙunshi huɗu ne, kowanne a dama shi a lita ɗaya. In kana son ka hango yawansa, ledar fiya wata takwas ke nan.

Hikimarsa ita ce ƙwayoyin PEG sun yi girman da hanji ba ya iya tsotse su, sai su riƙe ruwan da aka dama su da shi su wuce da shi har ƙasa. An kuma auna gishirin da ke ciki yadda ruwa ba zai shiga jini da yawa ba, ba kuma zai fita daga jini da yawa ba. Shi ya sa idan mutum yana da ciwon ƙoda, ko zuciyarsa ta yi rauni, ko hantarsa ta tara masa ruwa a ciki, ko tsoho ne tukuf, wannan ne likitoci suka fi natsuwa da shi. Haka ma mai gyambon hanji mai tashi yana kwantawa, da mai taurin bayan gida na shekaru, da wanda aka taɓa yi wa wanki bai fita ba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne: ɗanɗanon gishiri-gishiri mai santsi a baki, kofi bayan kofi kowane minti 10 zuwa 15. Mutane da yawa sukan tsaya a lita ta uku su ce ai ya isa. Maganin da ya fi kowanne kyau a takarda, in an bar kwata a jarka, ya zama na baya.

Na ji akwai na lita biyu, har da na lita ɗaya. Me ya sa ba za a ba kowa shi ba?

Akwai. MoviPrep lita biyu ne, Plenvu kuma lita ɗaya, rabi-rabi sau biyu. Duka PEG ne da aka ƙara wa bitamin C mai yawan gaske. Bitamin ɗin da hanji ya kasa tsotsewa sai ya tsaya yana jan ruwa, shi ya ba da damar rage yawan maganin. Ga mai lafiyar ƙoda da zuciya, suna wanke hanji daidai da na lita huɗu, kuma mutane sun fi shanye su.

Sai dai kada lambar ta ruɗe ka. MoviPrep yana buƙatar ƙarin lita ɗaya na ruwa a kai, Plenvu ma aƙalla ƙarin lita ɗaya. Abin da aka rage shi ne mai ɗanɗanon, ba ruwan ba. Plenvu kuwa da yake an matse shi, zaƙinsa da gishirinsa sun fi kauri, wasu shi ya fi tayar musu da zuciya.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Wannan bitamin C mai yawa bai dace da masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini ba, domin yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Wannan gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman a maza, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. In ka taɓa shan wani magani, misali na zazzaɓin cizon sauro ko Septrin, idonka ya yi ɗorawa, fitsarinka ya koma kamar baƙin shayi, ko an taɓa gaya maka ka yi shawara mai tsanani kana jariri, faɗa wa likita kafin ya rubuta. Gwajin jini ne ke raba gardama.

Picolax fa? Wani ya ce mini ƙaramin kofi biyu kawai ya sha.

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Picolax da Picoprep da CitraFleet abu ɗaya ne a asali: sodiyam fikosalfet mai motsa hanji, haɗe da magniziyam mai jan ruwa. Ƙunshi biyu ne, kowanne a dama a ruwa mililita 150. Yakan ɗauki ɗumi in ana damawa, kada ka tsorata, bar shi ya huce. Ɗanɗanonsa na lemon tsami ne ko na zaƙi, kuma a cikin duk magungunan nan shi ne mafi daɗin sha, ba tantama.

Rabin da bai faɗa ba shi ne sai an bi shi da ruwa kusan lita biyu ko fiye, in ba haka ba maganin zai ɗebo ruwan daga jikinka. Haɗarinsa ta fuska biyu ne. Wanda ƙodarsa ba ta tacewa sosai, magniziyam zai taru masa a jini. Wanda kuma ya yi ta ɗirkar tsurar ruwa kaɗai yana gudawa, gishirin jininsa na iya faɗuwa, ya rikice, har ya yi jijjiga. Tsofaffi da masu shan maganin sa fitsari sun fi faɗawa wannan. Don haka a riƙa sirkawa da romon da aka tace da shayi ba madara, kada ya zama ruwa zalla.

A ganina, ga matashi ko magidanci mai lafiyar ƙoda wanda ya san ba zai iya da lita huɗu ba, wannan zaɓi ne mai kyau. Ga dattijo mai hawan jini da suga, ba nan zan fara ba.

Babu na ƙwaya ne a haɗiye a huta?

Akwai, amma hutun kaɗan ne. Sutab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020, ƙwaya 24 ne manya, 12 da dare, 12 da safe, da ruwa kusan lita uku a jimla. Gishirin salfet ne, ɗan'uwan Suprep na ruwa. Suna wanke hanji sosai. Ana taka-tsantsan da su ga masu ciwon ƙoda da masu ciwon gaɓoɓi na gawut, kuma suna da tsada, samunsu a kemis ɗinmu ba abu ne mai sauƙi ba.

Wanda ya kamata ka san labarinsa shi ne sodiyam fosfet, na ruwa mai suna Fleet Phospho-soda da na ƙwaya mai suna OsmoPrep. Ya yi tashe a shekarun 1990 saboda ɗan mitsitsi ne kuma yana aiki. Daga baya aka gano yana iya sa fosfet da kalsiyam su daskare a cikin ƙoda su lalata ta, wani lokaci har abada, har a mutanen da ƙodarsu lafiya lau take kafin su sha. A Disamban 2008 hukumar ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan ƙwayoyin, kamfanin Fleet kuma ya janye na ruwan daga kantuna. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ma ta ce kada a riƙa ba da shi haka kawai. In an miƙo maka shi, kana da damar tambaya ko akwai wani, musamman in ka haura 55, ko kana shan maganin hawan jini irin su lisinofiril da losatan, ko maganin sa fitsari, ko kana yawan shan diklofenak da ibufurofen saboda ciwon jiki.

To, a taƙaice, wanne ya fi wankewa?

Tsakanin waɗanda aka amince da su, tazarar ba ta kai yadda talla ke nunawa ba. Abin da ya fi sunan magani tasiri shi ne lokacin shansa.

Da can ana shanye komai a daren jajibiri. Sai aka lura cewa ko hanji ya fita tas da ƙarfe goma na dare, kafin gari ya waye ƙaramin hanji ya ci gaba da zubo majina da ruwan ɗaci, sun sake shafe ɓangaren dama na babban hanji, wurin da shimfiɗaɗɗun tsiro suka fi ɓuya. Kamar ka share tsakar gida da magariba ne a lokacin hunturu, ka ce baƙon safe zai tarar da ita fes. Shi ya sa yanzu ake raba maganin biyu: rabi da yamma, rabi da safiyar aikin. A fara kashi na biyu awa huɗu zuwa shida kafin lokacin da aka ba ka, a gama shi aƙalla awa biyu kafin aikin, daga nan kuma ba a ƙara kai komai baki saboda allurar barci. In da rana aka sa maka, wasu asibitoci sukan ce a sha duka da safe.

Wannan yana nufin wanda aka ba ƙarfe tara na safe zai tashi tun kafin kiran assalatu ya kama sha. Ba daɗi, amma nan ribar take. Rabawar ma tana rage tashin zuciya, domin lita biyu sau biyu ta fi lita huɗu a zama ɗaya sauƙi.

Ina da ciwon suga. Ɗan'uwana kuma sikila ne. Akwai bambanci?

Mai suga matsalarsa biyu: hanjinsa kan yi nawa, don haka wankin bai cika fita da kyau ba, sannan ga yini guda babu abinci alhali magani na aiki. Kada ka rage ko ka tsayar da insulin ko ƙwaya da ra'ayinka. A tsara maka tun mako guda kafin ranar. Ka nemi a sa ka a sahun farko da safe, ka riƙa auna suga, ka ajiye abin sha mai zaƙi marar launi kusa.

Mai sikila babban abin gudunsa bushewar jiki, domin ita ke tayar da ciwon, kuma da yawansu ƙodar ta riga ta taɓu ba su sani ba. Gishirai masu jan ruwa daga jiki ba abokansa ba ne. Ya gaya wa likita tun farko. Wani lokaci sukan gwammace su kwantar da shi su sa masa ƙarin ruwa yayin wankin.

Akwai kuma wanda bai kamata ya sha kowanne ba sai an duba shi: wanda cikinsa ya kumbura, yana amai, ba bayan gida ba tusa. Wannan alamar toshewar hanji ce, kuma tura lita huɗu a kan toshewa ganganci ne.

Ban samu ko ɗaya a kemis ba. Zan iya shan filasko ko maganin wankin ciki na gargajiya?

A'a. Filasko ɗan gidan sanna ne, yana sa gudawa ba shakka, amma gudawa daban, hanji mai tsabta daban. Ba ka san adadin da ke cikin abin da aka jiƙa maka ba, kuma garin ganye da saiwa su kansu datti ne a idon kyamara. Jiƙon da aka sa wa kanwa kuwa, ga wanda ke zubar da ruwa da gishiri, ƙarin kaya ne a kan ƙoda.

Inda PEG ya yi wuyar samu ko ya yi tsada, wasu asibitoci sukan koma tsohuwar hanya: kwana biyu ko uku na abinci mai ruwa-ruwa, da Dulcolax, da gishirin Epsom ko man zurma, wani lokaci da ɗure ta dubura. Tana aiki gwargwado, amma ta fi galabaitar da mutum, kuma gishirin Epsom magniziyam ne, don haka gargaɗin ƙoda yana nan. In ita aka rubuta maka, bi ta yadda aka rubuta, kada ka haɗa ta da wani abu da mai kemis ya ga ya dace. Manitol ma, wani nau'in sukari mai jan ruwa cikin hanji, ana amfani da shi a wasu ƙasashe, Barazil misali, saboda arha. Abin da ya sa da yawa suka bar shi shi ne ƙwayoyin cutar hanji suna narka shi su fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma an taɓa samun fashewa a hanji lokacin da ake ƙona tsiro da lantarki.

Shawara mai sauƙi: nemi maganin mako guda kafin ranar, ba a jajibiri ba, ka kuma duba ranar lalacewarsa.

Me zan ci, me zan bari?

An daina cewa sai an kwana uku da yunwa. Ga yawancin mutane, abinci marar dusa, ɓawo ko ganye a ranar jajibiri ya isa, ko da yake wasu asibitoci suna cewa a fara kwana biyu ko uku kafin nan: farar shinkafa, farin burodi, taliya, dafaffen ƙwai, kifi, kaza ba fata. Da ka fara shan maganin kuma, sai ruwan da ake ganin ƙasan kofi ta cikinsa.

Abincinmu na yau da kullum kusan duk yana cikin jerin bari. Wake, zogale, kuka, rama, alayyafo, gyaɗa, riɗi, aya, dabino, tuwon dawa da na gero. Masu 'ya'ya sun fi ɓarna: kuɓewa, tumatir, gwaiba, kankana, domin 'ya'yan sukan maƙale kwanaki, har su toshe bututun tsotsa na na'urar, waɗannan gara a bar su tun kwana uku. Fura da nono da kunu ruwa ne a baki, amma ba ruwa ba ne a hanji. Zoɓo kuma ko an tace shi ba a sha, saboda jansa yana kama da jini a kyamara. Masu goro su yi haƙuri na kwana biyu.

Sauran magungunana fa?

Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ana tsayar da shi kamar mako guda kafin aikin, domin yana baƙanta kashi ya sa shi danƙo. Masu tsinka jini irin su wafarin da kilofidogirel, likita ne kaɗai zai ce a tsaya ko a ci gaba. Duk ƙwayar da ka haɗiya cikin awa guda kafin fara wankin tana iya wucewa ba ta yi aiki ba, wannan kuwa ba wasa ba ne ga mai shan maganin farfaɗiya. Ke kuma mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, gudawar na iya rage mata ƙarfi, ki tambayi yadda za ki kare sauran kwanakin. In kina da ciki ko kina zaton akwai, ki faɗa kafin komai.

Zuciyata tana tashi. In na yi amai, shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Dakata minti 30, kurkure baki, ka ci gaba a hankali. Sanyaya maganin a firji ko a randa yana kashe ɗanɗanon, shansa da bututun shan lemo ma haka, tsotsar yankan lemon tsami tsakanin kofi da kofi yana taimakawa. Zagaya tsakar gida ya fi kwanciya. Shafa basilin tun kafin zirga-zirgar ta yi nisa, ka yi tsarki da ruwa kamar yadda aka saba, kada ka goge da takarda. In aman ya ƙi tsayawa har ka kasa riƙe komai, kira asibitin a daren, kada ka jira safiya.

Ranar ta faɗo cikin azumi, ga shi kuma daga nesa zan taho.

Wankin nan ba ya haɗuwa da azumi: kashi na biyu da ruwan da ke binsa sukan kai har bayan alfijir, jikin da ya zubar da lita-lita kuma ba ya jure yinin bazara babu sha. In duba lafiya ne kawai ba gaggawa, roƙi a ɗaga zuwa bayan salla. In kuwa jini ake gani a bayan gida, ko rama ba dalili, kada a ɗaga wata guda; mara lafiya yana da rangwamen ramawa, malaminka zai yi maka bayani, har da yadda za ka yi da alwala a daren.

Mai zuwa daga nesa ya kwana a garin da asibitin yake, a gidan da ban ɗaki ke kusa kuma ba layi. Kada ka sha kashi na biyu ka hau motar haya. Ka zo da wanda zai mayar da kai gida, domin bayan allurar ba a tuƙi sai washegari.

Yaya zan gane cikin ya fita?

Duba abin da ke fita a ƙarshe. In ruwa ne garai-garai mai launin fitsari, ba gudaji, ba duhu, ya yi. In har yanzu ruwan ƙasa ne mai kauri bayan ka shanye duka, faɗa wa ma'aikatan jinya da ka isa, ko ka kira tun kafin ka fito. Sau da yawa ana iya ƙara maka magani a jinkirta aikin zuwa rana maimakon a soke. Ko ka ga ya yi garau tun a kashi na farko, shanye na biyun, saboda abin da ke sauka cikin dare.

Jiri mai kayar da mutum, rikicewar tunani, bugun zuciya ba daidai ba, ciwon ciki mai tsanani da kumburi ba tare da gudawa ba, ko ɗaukewar fitsari: ajiye kofin, a kai ka asibiti a lokacin, a tafi da kwalin maganin a hannu.